Ina Ruwan Gidanka Yake Zuwa?

Jama'a masu karatu, manoma da matan gida na ƙasar Magarya da ta Dungas, yau zancenmu bai fita daji ba, a cikin gida ya tsaya. Akwai tambaya guda da ya kamata kowane maigida ya yi wa kansa tun rani bai wuce ba: ruwan da ke sauka bisa ɗakunana, da wanda iyalina ke zubarwa safe da maraice, ina yake zuwa? Mutum ya san iyakar gonarsa taku-taku, ya san gawon da ya gada da wanda ya raya da hannunsa, amma in ka tambaye shi inda indararon ɗakin matarsa ke zuba sai ya tsaya yana sosa ƙeya. A ganina, asara mai yawa da muke yi kowace damina, ta gini da ta lafiyar yara, daga wannan rashin kula take somawa.

Daminar shekarar 2024 ba ta da saurin mantuwa. Hukumomi sun ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu a faɗin Nijar, waɗansu ruwa ya ci su, waɗansu gini ya faɗa musu, kuma waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan ɗaya. Jihar Damagaram tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ranar 3 ga watan Satumba na wannan shekara tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi. Kada a ɗauka cewa shekara ɗaya ce ta zo da haka ta wuce. Wani bincike da masana yanayi suka fitar a 2017 ya nuna cewa manyan hadaran nan masu juye ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Gidajen da aka gina a shekarun fari, wasu ma a cikin kwari ko bakin tsohon tafki, ba da irin wannan ruwa aka auna su ba. Allah ke saukar da ruwa, wannan ba mai musu. Amma hanyar da ruwan zai bi in ya sauka a tsakar gida, wannan maigida aka bar wa.

Mu yi ɗan lissafi, tun da karatu ya zo da ƙidaya. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 ya karɓi lita 1. To, ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, in aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, rufinsa ya karɓi lita 1,000. Tano biyar ke nan cike fal, irin mai cin lita 200. A ƙasarmu ruwan shekara yakan kai milimita 500 zuwa 600, wani lokaci ya haura. Wannan ɗaki guda ya ɗauki lita 10,000 ko fiye kafin kaka. Gidan da ke da ɗaki huɗu da zaure sai mai shi ya ninka da kansa. Duk wannan ruwa ta bakin indararo biyu ko uku yake fita, kuma sau da yawa a gindin bango yake sauka.

Ginin ƙasa ta wuri biyu ruwa ke cin sa, ta kai da ta ƙafa. Ta kai, abin a fili yake. Rufin soro yana tsagewa da zafin rani, iska ta tara yashi da ganye da leda a bakin indararo, ruwan farko ya zo ya rasa mafita ya kwanta. Ruwan da ya kwana bisa soro sai ya sami hanya zuwa azara, azara ta jiƙa, gara ta biyo danshi. Daga nan saura kwana. Maganinsa bai kai kuɗin buhun hatsi ba: a hau a share, a bi kowace tsaga a buɗe ta kaɗan a cusa ƙasa mai kyau a daddaɓe, a tabbata rufin ya karkata zuwa indararo, a gyara rawanin bango inda ya zaizaye. Shi kuma indararo a duba tsawonsa. Wanda bai fita daga bango da kamu biyu ba, wanke bangon kawai yake yi. Inda ruwansa ke faɗuwa a jera duwatsu ko fasassun tukwane, domin kada ya haƙa rami ya riƙa fantsama. Akwai wata al'ada da ba na so, ta ƙara ƙasa bisa rufi kowace shekara ba tare da an kankare tsohuwa ba. Nauyi yana taruwa, azara kuwa ba ƙarfi take ƙarawa ba. Wanda ya ga azararsa ta soma lanƙwasa, ko ya ga garin itace yana zubowa daga sama, kada ya bar yara su kwana a ɗakin nan ranar hadari, ko da zai kai su zaure ko gidan maƙwabci.

Ciwon ƙafa ya fi na kai mugunta, domin ba a ganinsa da wuri. Ku duba gindin katangun garinku, za ku ga da yawa sun rame daga ƙasa, sama na nan da kauri, kamar icen da aka sassare wa gindi. Ruwan da ya kwanta a jikin bango ƙasa tana tsotsarsa zuwa sama, kuma inda wuri ke da kanwa sai ka ga fari-fari ya fito, ƙasar tana marmashewa a hannu. Abubuwa da dama ke kawo wannan. Titi yana tashi shekara bayan shekara saboda yashi da shara, tsakar gida kuwa kullum tsintsiya na rage ta, har wata rana gida ya koma kwano, ruwan waje ya riƙa shigowa ta rariyar da aka yi domin fitar na ciki. Wani ya kafa turken tumaki a jikin bangon ɗakin kwana, fitsarinsu na jiƙa tushe. Wani makewayinsa bango ɗaya ya raba shi da ɗakin maƙwabci. Gyaran nan na ƙarfi ne da amalanke: a kawo burji ko marmara a ɗaga gindin bango, a yi masa dakali mai gangara zuwa waje, faɗinsa kamar kamu biyu, a daɓe shi sosai. A cike tsakar gida ta yadda za ta karkata zuwa rariya, a faɗaɗa rariyar in ta yi ƙanƙanta. Sa'an nan a fita waje a bi ruwan a ga inda ya nufa. In gindin katangar maƙwabcinka ka tura shi, ba ka yi gyara ba, rigima ka shuka, kuma mai gari ya gaji da irin wannan shari'a a tsakiyar marka.

Yanzu bari in taɓo inda na san wasu za su ji haushina, wato siminti. Yaro ya dawo daga ci-rani, daga Kano ko Legas ko Libiya ko wajen haƙar zinariya, da ɗan abin hannunsa, yana so a ga alama a gidan tsohonsa. Sai a sayo siminti a shafe bangon ƙasa da shi, a yi fenti, gida ya yi kyau har mutane su tsaya kallo. Niyyar mai kyau ce, Allah ya yi masa albarka. Amma siminti da ƙasa ba su jituwa. Ƙasa tana kumbura in ta jiƙa, tana tsukewa in ta bushe, siminti kuwa ba ya bin ta. Bayan damina biyu ko uku sai ya tsage ya saki bango. Ruwa ya shiga ta tsagar ya kwanta a baya, rana da iska ba su isa gare shi balle ya bushe. Daga waje bango lafiya lau, daga ciki ya zama kunu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ya fi ƙadangare sanin tsaga. Wanda ke da irin wannan shafe ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. Inda ya ji yana amo kamar ganga, ya saki, gara a fasa a gyara tun da rani. Ni da za a bi shawarata, buhunan nan kaɗan da aka samu a kai su inda suka fi amfani: tushen gini da dutse har ya ɗaga sama da ƙasa kamu ɗaya, da bakin indararo, da rariya, da daɓen makewayi, da murfin masai. In kuwa lalle sai an shafe bango, to a nemi maginin da zai kafa ragar waya tukuna domin simintin ya sami abin kamawa.

Haka zancen rufin kwano. Yana hutar da mutum daga neman azara, wadda ta yi tsada tun da giginya ta yi wuya. Amma kwanon da aka yanke daidai bakin bango ya bar bangon a buɗe, duk ruwansa a jikinsa zai sauka. A bar masa baki ya fita kamu ɗaya ko fiye, a ɗaure katakonsa da waya har cikin gini domin iskar bazara. A kuma toshe ramin da ke tsakanin kwano da bango, domin nan ne babbar ƙofar sauro da dare. A ƙasar Gambiya an gwada sanya raga a ƙofofi da tagogi tare da toshe wannan rami, sakamakon da aka fitar a 2009 ya nuna sauron cikin ɗaki ya ragu da kamar rabi, yara masu ƙarancin jini ma suka ragu.

Kakanninmu ba su san siminti ba, amma sun san ruwa. Suna kwaɓa ƙasa da ramno su bar ta ta ruɓa kwanaki kafin yaɓe. Suna jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, su shafe bango da ita. Masu hali suna yin laso da katsin marina da gashin jima da dafara, ruwa ya zuba a kai ya zame. Yau ɗorawa ta yi ƙaranci, marina ta mutu a garuruwa da yawa, tsofaffin magina suna tafiya da saninsu. Duk garin da ke da irin wannan tsoho, a tura masa samari su yi masa aiki su koya. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda gininsa na yanzu ya samo asali tun 1907, da ƙasa aka yi shi, kuma abin da ya tsayar da shi har yau shi ne mutanen garin suna fitowa gaba ɗaya su yaɓe shi shekara-shekara. Mu ma muna da gayya, sai dai mun bar ta a gona.

Babbar matsalar, in an bi ta a hankali, ta lokaci ce. Watannin da ya kamata a yi gyaran gida su ne watannin da maza ba sa nan. Ana gama ɗaure dammuna a cika rumbu, sai kowa ya ɗauki jakarsa. Ba ya dawowa sai ya ji labarin hadari ya soma haɗuwa, ya sauka daga mota yau, gobe yana gona da sungumi. Daga shuka sai noman fari, daga nan sai maimai. Yaushe zai hau soro? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba na cewa a bar ci-rani, domin na san abin da ke cikin rumbu ba ya kai yawancin gidaje wata damina. Abin da nake cewa shi ne a ware kwana bakwai ko goma bayan girbi kafin a kama hanya. A lokacin nan kududdufi bai ƙafe ba, ruwan kwaɓa kyauta ne, ciyawa da kara suna ko'ina, samari duk suna gari. Gida biyar su haɗa kai, yau a yaɓe na wannan, gobe na wancan, tuwo da goro kawai za a kashe. Abin da ya rage na sharar rufi da duba tsaga a ƙarshen bazara, a bar wa ƙane ko magini amana, a bar kuɗinsa a hannun uwargida, tun da ita ce ke kwana a ƙarƙashin rufin.

Wannan ruwan sama ke nan. Saura wanda ba ya jiran damina, wato na wanka da wanki da wanke-wanke da alwala. A yawancin gidaje ta rariya yake fita ya kwanta a lungu, ya yi baƙi ya yi wari, agwagi na wasa a ciki, yara na tsallakawa ba takalmi. Irin wannan ƙazamin ruwa yana tara ƙuda da sauro mai hana barci. Shi kuwa sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwan sama da ya kwanta rana na dukansa, a ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ko sawun shanu, ko tsohuwar taya, ko fasasshen tulu a bayan ɗaki. Da zafin damina, kwana bakwai zuwa goma sun isa ƙwansa ya zama sauro mai tashi. Mutanen Magarya ba sa bukatar a ba su labarin abin da wannan ke jawowa. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma aiki a asibitin garin, kuma kowa ya san yadda sashen yara ke cika daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓi da tamowa ke haɗuwa a jikin yaro ɗaya. A 2018 ƙungiyar ta ce akwai watan da ake rasa yara kamar goma kowace rana a can. Tun 2013 aka soma ba yara ƴan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a lokacin damina. A karɓa, a ba yaro har kwana ukun su cika, a kwana cikin gidan sauro. Amma ma'aikacin lafiya ba zai shigo ya cike maka ramin da ke bayan ɗakinka ba.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Gidan da ruwa ke kwance a ƙofarsa shekara duka, shi ne gidan da uwargida ke aika yarinya kasuwa sayen ganyen miya da rani. Gida mai manya biyar, in kowa ya yi alwala da lita ɗaya sau biyar, an zubar da lita 25 a yini, jarka guda ke nan da wata ta ɗauko a ka ko aka saya wajen mai amalanke. Ruwan alwala da na wankin ganye da na ɗaurayar kwanoni tsabtarsu ta isa shuka. A yi wurin alwala a gefen ɗan fili, a ja masa ƴar hanya, shi ke nan an sami lambu. Tsari dai na awaki ne, ba mu taɓa shi ba. Ruwan wanki mai kumfar omo da yawa kada a ba ganyen ci, yana ƙona shi yana kuma ɓata ƙasa. Shi da na makewayi rami za a yi musu: zurfi mita 1, faɗi mita 1, nesa da bango taku uku ko huɗu, a cika shi da duwatsu da fasassun tukwane, manya a ƙasa ƙanana a sama, a rufe da burji. Ƙasarmu mai yashi ce, nan da nan za ta shanye. A gefen ramin a dasa gwanda ko lemun tsami, saiwarsu za ta nemi danshin da kanta.

Me za a shuka a ɗan lambun? Ni zogale nake sa wa gaba. Ba ya son wuri mai faɗi, ba ya son ruwa ya kwanta masa. A haƙa rami kamu ɗaya, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka, a sa ƙwaya biyu. Cikin mako biyu ya tsiro. In ya kai ƙugun mutum a datse kansa, kada a ji tausayi, domin wanda aka bari yana miƙewa kamar sanda ne, ganyen ya fi ƙarfin hannu. Wanda aka datse kuwa rassa yake fitarwa ta ko'ina. Gindi biyar ko shida sun isa gida kwaɗo da dambu. Ganyen da ya yi yawa a shanya shi a inuwa, domin rana tana cinye sinadarin da ke taimakon ido. A daka a tankaɗe a ajiye a gwangwani mai murfi, a riƙa zuba cokali a kunun yaron da ya wuce wata shida. Ganyen na da abin gina jiki da na ƙarin jini. Sai dai a ji wannan da kyau: zogale abinci ne. Yaron da ƙafarsa ta kumbura, ko ya rame ya ƙi cin abinci, likita za a kai shi a ranar.

Kuka ma ana yin ta a fangali kamar alayyafo, abin da mutane da yawa ba su gwada ba. A jiƙa ƙwallon a ruwan zafi ya kwana, a shuka kusa-kusa, in ta ɗaga a riƙa tsinkar ganye ana datse ta. Ba sai an jira shekarun da bishiya ke ɗauka ba, kuma ba mai faɗowa daga reshe. Mutanen Mirya sun daɗe suna cin kuɗin ganyen kuka, gani ya kori ji. A jikin danga a sa yakuwa da kuɓewa, kabewa ta hau rumfa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce awaki da kaji. Gaskiya ne, lambun da ba shinge sadaka ce ga akuyar maƙwabta. Amma filin da muke magana bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Kara da ƙaya da tsohon gidan sauro da ya yage sun isa su kewaye shi. Za a ce kuma a garuruwan tudu, inda rijiya ke da zurfi, ruwan sha ma da ƙyar. To, a nan ne dabarar tulu ke aiki. A binne tulun ƙasa har wuya, a cika shi, a rufe bakinsa, a shuka kewaye da shi. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai wajen saiwa, rana ba ta sha ba. A baza ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi a kan ƙasar domin danshi ya daɗe. Akwai kuma maganar da ba a cika faɗi ba: lambun nan na wa ne? In mace ce ta yi ban-ruwa, ganyen da kuɗinsa nata ne. Maigidan da ke miƙa hannu kan kuɗin zogale, shekara mai zuwa ba zai ga zogale ba.

Ba na tsammanin wannan aiki ya fi ƙarfin mutanen da suka mayar da gawo gonakinsu. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman nan suka daina sare duk tsiron da suka tarar, suka riƙa zaɓe suna sassabe suna rayawa. Binciken da aka yi a 2006 ya kiyasta kusan hekta miliyan ɗaya da itatuwa suka dawo a Magarya da Matamaye da Mirya, lokacin Dungas na cikin Magarya, domin sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Daga ƙasashe masu nisa ake zuwa kallon wannan aiki. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan icen da ya raya. Hannun da ya yi wannan a daji shi ake nema a tsakar gida, tare da lura guda: babban ice ba ya maƙwabtaka da bango. Dogon yaro da mangwaro a ba su taku goma daga ɗaki da masai, domin saiwarsu tana ɗaga tushe, reshensu kuma yana faɗowa da iska. Ga kuma magarya, wadda garin ke amsa sunanta. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa wani iri daga Indiya da ake aurawa a jikin tamu, ƴaƴansa manya masu nama. Mai magarya a bayan gida ya tambayi ma'aikatan gandun daji ko na gona inda ake samun reshen aure.

Ba zan bar zancen ruwan gida ban taɓo masai ba. Jiharmu ta sha fama da amodari, ciwon idon nan da ke juya gashin ido ciki har ya makanta mutum, kuma ƙudan da ke yaɗa shi a bayan-gidan da aka bari a fili yake hayayyafa. Saboda haka ne tun 2002 Cibiyar Carter ta taimaka aka horar da magina aka yi masai masu murfin siminti a ƙauyukan Damagaram. Masai alheri ne, amma inda aka haƙa shi abin dubawa ne. A kwaruruwan Korama, wajen Banɗe da Waca da Guci, akwai inda gaba biyu ko uku ke kai mutum ga ruwa. A irin wurin nan rami mai zurfi yana haɗuwa da ruwan da rijiya ke sha. A bar mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai ya kasance ta gangare, kuma gindinsa ya tsaya sama da ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi, a auna da yadda ruwan ke tasowa a marka. In wurin bai ba da haka ba, a ɗaga ginin sama a rage zurfin. Ramin da aka haƙa a yashi a ɗaure bakinsa da bulo, a ɗaga dakalinsa yadda ruwan tsakar gida ba zai gangara ciki ba, domin masai da ya sha ruwan sama shi ke ruftawa da mutum. Murfi a bakin rami kullum, buta da sabulu ko toka a ƙofa.

Tsutsa za ta zo wa zogale, musamman farkon damina. Kada a ruga kasuwa a sayo fiya-fiya ko wani maganin da aka ɗura a kwalbar lemo ba takarda ba suna. Ganyen da za a tsinka gobe a ba yaro ba wurin guba ba ne, kuma kwalbar kanta haɗari ce a gidan da ke da masu rarrafe. A tsinci ƴaƴan dogon yaro da suka faɗo, a wanke a shanya, a ɓare a daka. Tafi ɗaya na garin a kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a yayyafa da tsintsiya bayan la'asar, sama da ƙasan ganye. A maimaita bayan mako guda. Kafin a dafa a wanke ganyen sosai saboda ɗaci, ruwan wankin kuma a mayar da shi gindin zogalen.